Yaɓen kankare a cikin tsohon bututun ruwan sama: inda yake magani da inda yake rufa ciwo

Idan kwalta ta lotsa a tsakiyar titi, aka wayi gari da rami mai iya haɗiye tayar mota, masu wucewa kwaltar suke ɗora wa laifi, ko wanda ya shimfiɗa ta. Sau da yawa kuwa daga ƙasa ɓarnar ta taso. Mita biyu ko uku a ƙarƙashin tayoyin akwai bututun da ke kwashe ruwan sama, ya tsufa, ya huje, ya kuma yi shekaru yana zuƙe ƙasar da titin ke zaune a kai. Duk ruwan da ya sauka sai ya tafi da ɗan abin da ya samu. Ranar da ramin ya bayyana, kogon da ke ƙarƙashinsa ya daɗe da girma. Ɓawon kwalta ne ya yi ta maza har ƙarfinsa ya ƙare.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ceton irin wannan bututu ba tare da an tone titi ba ita ce a yaɓe cikinsa da kankare, wato a gina sabon bututu a cikin tsohon. Hanya ce mai kyau, ina kuma ganin ta cancanci a san ta sosai. Sai dai tana da sharaɗi: bututu da ƙasar da ke rungume da shi abu ɗaya ne, duk gyaran da ya kula da ɗaya ya manta da ɗaya, an yi ba a yi ba ke nan.

Yadda bututu ke tsufa

Manyan bututan ruwan sama da aka binne a ƙarnin da ya wuce, akasarinsu iri biyu ne. Akwai na kankare, masu kauri da nauyi, da ake jerawa gaɓa-gaɓa. Akwai kuma na ƙarfe mai tudu da kwari irin na kwanon rufi, wanda aka naɗe ya zama bututu. Wannan na biyu James Watson da Stanley Simpson suka ƙirƙiro shi a jihar Indiyana ta Amurka a 1896, ya kuma bazu a duniya saboda sauƙin ɗauka da saurin binnewa. Ana tsoma ƙarfen a narkakkiyar tutiya don ta kare shi daga tsatsa, amma kaurin tutiyar a kowane gefe bai wuce na silin gashi ba.

Ciwon ƙarfe daga gindi yake farawa, wato daga ƙasan bututun inda ruwa ke gudana. Ruwan sama ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da yashi da tsakuwa, su kuwa suna gogar gindin kamar ana wasa wuƙa a dutse. Tutiya ta goge, ƙarfe ya fito tsirara, danshi da iska su sa masa tsatsa, ruwa na gaba ya share tsatsar ya buɗe sabon ƙarfe. Haka za a yi ta yi. In ruwan yana da tsami ko gishiri, abin ya fi sauri. Da farko ƙananan huji ne, daga baya su haɗe su zama doguwar tsaga, har gindin ya ɓace gaba ɗaya, a leƙa a ga sama da gefuna garau, ƙasa kuwa ba komai sai laka.

Daga nan ne ɓarnar da ido ba ya gani take farawa. Kaurin ƙarfen irin wannan bututu yawanci milimita biyu ne zuwa huɗu, amma manyan motoci na bi ta kansa shekara da shekaru. Me ke riƙe shi? Ƙasa ce. Idan nauyi ya danno daga sama, bututun yakan so ya buɗe ta gefe, gefunansa su tokari ƙasar da aka danne a jikinsu, ita kuma ta tokare su, sai nauyin ya zagaya cikin zoben ƙarfen maimakon ya lotsa shi. Merlin Spangler, malami a Ayowa ta Amurka, shi ya fitar da lissafin wannan tokare-tokaren a 1941, kuma har yau ana aiki da shi. Abu biyu ke nan ake bukata: zobe a haɗe, ƙasa a danne. Kwantar da gwangwani ka danna da hannu, za ka ji yana turjiya. Tsaga shi daga baki zuwa gindi ka sake dannawa, nan take leɓunan tsagar za su hau juna. Bututun da gindinsa ya cinye ya zama tsagaggen gwangwani.

Ƙasar ma ba ta tsira ba. Lokacin da ruwa ya cika bututun, yakan kutsa ta hujin ya shiga ƙasar da ke bayansa. Da ya janye, sai ya dawo ciki ɗauke da lallausan yashi. Wani ruwan ba ya ma dawowa, yakan buɗe wa kansa hanya a ƙarƙashin bututun yana zaizayar shimfiɗar da aka ɗora shi a kai. Kogo ya buɗe a gindi, ƙasar gefe ta zubo ta cike shi, ta sama ta zubo ta cike gurbin ta gefe. Haka kogon zai yi ta hawa har ya iso ƙarƙashin kwalta. Shi kuwa bututun, da ya rasa abin jingina, sai ya fara kwanciya: samansa ya sauko, gefuna su buɗe, da'ira ta koma siffar ƙwai. Injiniyoyi sukan fara damuwa idan tsayin ya ragu da kashi 5 cikin 100. Idan ya doshi kashi 20, ruftawa ce ke tafe.

Na kankare shi tsagewa yake yi. Mahaɗar gaɓoɓinsa ce takan fara buɗewa idan ƙasa ta motsa, saiwar itace ta samu ƙofa, ƙasa ta riƙa zubowa ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta tsagar ne ruwa ke isa ga rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya ɓalle kankaren da ke lulluɓe da shi. Akwai kuma cutar da ke samunsa idan an haɗa bututun ban-ɗaki da magudanar ruwan sama, abin da bai kamata ba. Ƙazantar da ta kwanta takan fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke manne a saman bututun su mayar da ita asid irin na ruwan batir, asid ɗin ya riƙa cin siminti har ya koma kamar jiƙaƙƙen alli. Wani masani mai suna Parker ne ya gano ƙwayoyin a Melbon ta Ostareliya a 1945.

Wani zai ce, to a tone a sa sabo mana. Wani lokaci hakan ne daidai, za mu zo wurin. Amma bututun da ke ƙarƙashin babbar hanya, ko layin dogo, ko ciko mai tsayin mita goma, tono shi na nufin rufe hanya na makonni, da ratsa bututan ruwan sha da wayoyin lantarki da aka binne a samansa daga baya. Shi ya sa aka nemo hanyoyin gyara daga ciki, ana aiki a ƙasa motoci na wucewa a sama.

Daɓe, feshi da majaujawa

Yaɓen kankare iri uku ne, kowanne da ciwon da yake wa magani. Mafi sauƙi shi ne daɓe. Idan gindi ne kawai ya ci, siffar bututun kuma ba ta canza ba, sai a shimfiɗa ragar ƙarfe a gindin, a ɗaure ta ko a yi mata walda da lafiyayyen ƙarfen da ya rage a gefe biyu, a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 15 ya rufe kimanin rubu'in kewayen bututun. Ɗaurin nan shi ne ran aikin. Daɓen da ba a haɗa shi da ƙarfen gefe ba, yana iya hana gogayya, amma ba zai mayar da zoben ya zama ɗaya ba, ruwa kuma zai bi ta leɓensa ya shiga ƙarƙashi.

Na biyu feshi ne da mesa. Iska mai ƙarfi ke watsa kwaɓin a jikin bango, ƙarfin bugun shi ke danne shi ya kama. Asalin na'urar daga Carl Akeley ne, mai shirya fatun namun daji don nuni a gidan adana kayan tarihi na Shikago, wanda ya ƙera ta a 1907 don gyaran bangon gidan. Feshi ya dace da manyan kwalbatoci da mutum zai tsaya a ciki, da masu kusurwa huɗu, da masu kwana. Ingancinsa a hannun mai riƙe da bakin mesa yake. In ya karkata hannu, tsakuwa ta yi tsalle ta dawo ƙasa. In bai zagaya bayan rodi da kyau ba, ya bar gurbin iska a daidai inda ake son kankare ya kama ƙarfe.

Na uku shi ne na majaujawa. Dabarar ta samo asali daga bututan ruwan sha: tun 1922 aka binne bututun ƙarfe mai yaɓen siminti a ciki a birnin Charleston na Amurka, a shekarun 1930 kuma aka fara yaɓe waɗanda suke binne ba tare da an ciro su ba. Ana ɗora wani kai mai juyawa a kan ƙaramin amalanke a tsakiyar bututun, a kai shi can ƙarshe, sannan a riƙa janyo shi baya da igiya, tafiya ɗaya ba gaggawa ba tsayawa. Famfo na turo kwaɓi, kan na juyawa da gudu yana wurga shi ko'ina a kewaye. Kowane zagaye yakan bar kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, a bari ya ɗan kama, a sake wani, har a kai abin da injiniya ya lissafa, wanda sau da yawa ke tsakanin santimita biyu da rabi da biyar. A bututun ƙarfe, daga kan tudu ake auna kaurin, domin wanda ya auna daga kwari ya ci santimita guda da ɗoriya. Abin da ke fitowa bututu ne guda, ba gaɓa ba mahaɗa.

Kwaɓin ya bambanta da na filastar ɗaki. Siminti ne da tataccen yashi, da garin silika mai cike ƙananan ƙofofi, da zaruruwan roba ko na ƙarfe masu hana tsaga yaɗuwa, da sinadarin da ke sa shi ya bi doguwar mesa ba tare da an tsinka shi da ruwa ba. Jarabar da ke kama ma'aikaci idan famfo ya fara nishi ita ce ya ƙara ruwa. Ruwan da ya wuce kima kuwa ƙofofi yake bari, ƙarfi ya ragu, yaɓen sama ya zubo tun yana ɗanye. Inda ake da matsalar asid ɗin nan, siminti na yau da kullum ba zai jure ba. Akan koma ga mai yawan sinadarin alumina, ko kwaɓin jiyofolima da ake haɗawa da tokar kwal.

Aikin da ke gaban yaɓe

A ganina, nasara ko faɗuwar wannan aiki ana yanke ta ne tun kafin a kunna famfo. Farko dubawa. A ƙaramin bututu kyamara ake turawa a kan taya; a babba mutum ne zai shiga da fitila da tef ɗin awo da guduma. Zai auna tsayi da faɗi a wurare da yawa don a san nawa bututun ya kwanta. Zai bi bango yana ƙwanƙwasawa: inda ƙasa ke manne a baya, amon a dunƙule yake, inda akwai kogo, sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Wurin da ake shakka a huda a zura sanda. A sama kuma a duba titi: tsaga mai bin layin bututun, ko ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya a ciki, ko facin da aka sha yi a wuri ɗaya, duk saƙo ne daga ƙasa.

Sannan a kawar da ruwa. Ana tare shi da buhunan yashi, a zuƙe da famfo a zagaya da shi zuwa gaba, don haka da rani ake son wannan aiki. A wanke bututun da ruwa mai matsi, a fitar da laka da saiwa da ɓawon tsatsa har a isa ga abu mai ƙwari. Siminti ba ya kama laka, ba ya kama mai. Duk inda ruwan ƙasa ke tsattsafowa ta bango sai an toshe shi, domin ɗan tsattsafin da ba a ɗauka a bakin komai ba zai wanke ɗanyen yaɓe ya bar ƙofa a wurin.

Sai babban aikin, cike kogwannin. Ana huda bango a jere, a ɗura tsinkakken siminti daga ƙasa zuwa sama har ya fito ta hujin da ke gaba, alamar ya cika. Matsin ɗurin sai an kula da shi, don bututun da ya riga ya raunana yana iya lotsawa ciki idan an matsa masa da yawa, garin gyaran gira a rasa ido. A rubuta adadin buhunan da kowane huji ya sha. Wurin da ya sha fiye da zato ya faɗa maka girman abin da ke bayansa. Gindin da ya ɓace a sake gina shi, a daidaita gangarensa, don amalanken ya samu inda zai bi, zoben kuma ya haɗe.

Wannan mataki yana da sauƙin tsallakewa, saboda yana cin lokaci da siminti, kuma idan an gama ba mai ganinsa. Abin yana damuna ƙwarai. Yaɓen da aka yi a kan kogo yakan fito sumul, mai dubawa ya haska fitila ya sa hannu, alhali ƙasar da ke sama ba ta daina saukowa cikin kogon ba. Ga kuma wani abu: ƙarfe na lanƙwasawa, kankare ba ya lanƙwasawa. Idan tsohon bututun ya ci gaba da kwanciya saboda ba abin da ke tokare da gefensa, siririn yaɓen zai tsage a sama da gindi da gefe biyu. Mafi muni ma, an rufe shaidar da ke gargaɗi. Da can ana ganin tsatsa da huji a san akwai matsala, yanzu kowa ya kwanta da tunanin an gyara, motoci kuma na bi ta kan kogo.

Shi ya sa tambayar da ya kamata mai aikin ya yi wa injiniya tun farko ita ce: wannan yaɓen riga ce ga bututun da har yanzu ke ɗauke da kayansa, ko kuwa shi ne zai ɗauki nauyin ƙasa da motoci idan tsohon ya gama cinyewa? Amsar ce ke yanke kauri, da ko za a sa raga. Gaskiya ne sabon siminti kishiyar tsami ne mai ƙarfi, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kishiyarsa, yana kai 12 da rabi zuwa 13, kuma a irin wannan yanayi ƙarfe kan yi siririyar fata mai tsayar da tsatsa. Amma kariyar ta ciki ce kaɗai. Bayan bututun, wanda ke fuskantar ƙasa, zai ci gaba da tsatsa idan ƙasar mai cin ƙarfe ce.

Bayan feshi saura reno. Ƙarfin siminti daga haɗuwarsa da ruwa yake zuwa, a hankali, shi ya sa ake auna shi a kwana 28. Bututu kuwa mazurarin iska ne: in an bar bakinsa biyu a buɗe, iska za ta ratsa ta tsotse danshin yaɓen, ya tsattsage tun bai yi ƙwari ba. Akan rufe bakunan da leda ko tamfol, a riƙa ban ruwa, mako guda aƙalla idan siminti na yau da kullum ne.

Ruwan zai wuce kuwa?

Akwai ƙorafin da kowa ke yi, kuma yana da hujja: an ƙara kauri a ciki, hanyar ruwa ta tsuke, ba za a jawo ambaliya ba? Amsar tana cikin lissafin da Robert Manning, injiniya ɗan ƙasar Ayilan, ya gabatar a 1889. Yawan ruwan da bututu ke ɗauka ya danganta da faɗinsa, da gangarensa, da kaushin bangonsa. Kaushin yana da lamba: ƙarfe mai tudu da kwari kimanin 0.024, kankare mai santsi kimanin 0.013. Mu ɗauki bututun ƙarfe mai faɗin santimita 120, a yi masa yaɓen santimita 5 ko'ina, faɗin ya koma 110. Tsukewar kaɗai za ta rage ruwan da kimanin kashi 21 cikin 100. Amma in bangon ya yi santsi, lambar ta sauko zuwa 0.015, ruwa zai ƙara gudu, a haɗa biyun sai a ga bututun yana ɗaukar kimanin kashi 27 cikin 100 fiye da da. Ya tsuke, amma ya fi sha.

Kada a ɗauki wannan a matsayin doka. Idan tsohon bututun na kankare ne, da ma mai santsi, tsukewar asara ce tsantsa. Siririn yaɓen da ya bi tudu da kwarin ƙarfe ba ya kai santsin da ake zato. A gajeren kwalbati mai gangare sosai kuma, bakin shiga ne ke yanke yawan ruwan. A nan santsi ba ya ƙara komai, bakin da ya ragu daga 120 zuwa 110 kuwa ya rasa kashi 16 cikin 100 na girmansa. Inda ruwa ya ƙara gudu ma akwai abin lura, don zai fito da ƙarfi ya haƙe ƙasa, sai an jera manyan duwatsu a mafita. Sannan garin da aka binne wa bututu shekara 50 da suka wuce ya canza; filayen da ke shan ruwa sun koma rufi da kwalta, ruwan da ke gangarowa ya ƙaru. Bututun da ya riga ya yi kaɗan, yaɓe ba zai faɗaɗa shi ba.

Akwai inda sai dai a haƙura a tone. Bututun da ya rufta, ko samansa ya juye ya shigo ciki, ko gaɓoɓinsa suka goce sosai, yaɓe zai ɗauki siffar da ya tarar ne ya daskarar da ita. Akwai kuma inda wata hanyar ta fi. Ana iya zura sabon bututun roba a cikin tsohon a cike tsakaninsu da siminti, sai dai yana cin faɗi kuma ba ya son kwana. Ana iya zura doguwar safa ta zare da aka jiƙa da danƙo, a hura ta ta manne da bango, a gasa ta har ta sandare, dabarar da Eric Wood ya fara a Landan a 1971. Tana da kyau ga ƙananan bututai, amma sai an kula kada sinadarin danƙon ya bi ruwa. Kankare ya fi dacewa inda bututu ke da girma, ko siffarsa ba da'ira ba ce, ko yashi da tsakuwa suna da yawa. Lokacinsa kuwa ƙayyadadde ne: tsakanin ranar da gindi ya fara hujewa da ranar da siffa ta lalace. Hukumar da ba ta leƙa bututanta a kai a kai ba za ta san lokacin ya zo ba, sai ya wuce.

Mutanen da ke shiga ciki fa? Cikin bututu wuri ne mai kisa ba sallama. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100. In ya sauka ƙasa da 19 da rabi, wurin ba na shiga ba ne, tsatsa da ruɓewa kuwa dukansu cin oksijin suke. Iskar nan mai warin ƙwai a ƙasa take kwanciya, in ta yi yawa kuma takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Hayaƙin janareton da aka ajiye a baki yana iya shiga ya cika bututun. Don haka na'urar auna iska ta riga mutum shiga, fanka ta riƙa turo sabuwar iska, wani ya tsaya a waje, kuma kada ya faɗa ciki don ceto ba tare da kayan numfashi ba, domin mutane da yawa a garin ceto suka rasu. Ruwan da aka yi a nesa, ma'aikata ba su ga ko hadari ba, yana iya isowa cikin mintoci. Ruwan wankin kayan aiki ma kada ya bi magudanar. Kaifinsa na kashe kifi a rafin da ke ƙarshenta.

Ranar karɓar aiki, santsin bango kaɗai bai isa hujja ba. Kafin feshi akan kafa ƙusoshi masu tsayin kaurin da ake so, in yaɓe ya rufe kansu an kai. A kwatanta buhunan da aka ƙarar da abin da lissafi ya ce bututun zai sha. A cika 'yan mazubai daga kwaɓin kowace rana a kai ɗakin gwaji a murƙushe. A wasu wurare a yanko ɗan guntu daga bangon a ga kauri da kamu da ido, a cike gurbin. A duba bakin shiga da mafita, a tabbatar leɓen yaɓen ya shige cikin katangar baki, ruwa ba zai samu hanya ta bayansa ba. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, a sa rana bayan damina ta farko, a dawo da fitila da guduma da tef, a auna tsayi da faɗi a wuraren da aka auna da farko, a hau sama a duba ko kwaltar ta motsa.